Baƙuwar da Ta Kwana Uku a Ranar Juma'a

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bari in gyara kyamarar nan ta kalli allo sosai. Yawwa. Ku dubi kusurwar sama ta dama: agogon kwamfutata ya ce yau Litinin, ƙarfe tara da kwata na dare a nan Jamus. To ku dubi baƙin akwatin nan na tsakiya. Na tambaye shi lokaci, ya ce min Juma'a ce. Inji ɗaya ne fa, soket ɗaya ke ba su wuta, amma tsakaninsu kwana uku cur.

Wannan akwatin VM ce, wato kwamfutar da aka ƙera da manhaja tana zaune a cikin wata kwamfutar. Masu aikin suna kiran babbar mai masauki, ƙaramar kuma baƙuwa, kuma sunan ya dace, don baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Duk abin da ta sani game da duniya, mai masauki ne ya faɗa mata, har da ƙarfe nawa.

Ga abin da na yi da hannuna. Daren Juma'a zan gwada wani abu mai haɗari, sai na ɗauki hoton yanayinta gaba ɗaya, abin da ake kira snapshot, har da abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta. Gwajin ya dagule. Ɗazu na mayar da ita kan hoton, ta farka garau kamar ba a yi komai ba. Na zo sabunta manhajoji, apt, wato manhajar da ke yin wannan aikin, ya ƙi, wai fayil ɗin da ya sauko da shi lokacin fara aikinsa bai yi ba tukuna. Na zo shiga ɗan shafin da nake gwadawa a kanta da lambobin nan shida na waya masu canzawa duk daƙiƙa 30, ya ce ƙarya nake. Sau huɗu ina sake bugawa ina zargin yatsuna. Wallahi sai da na ɓata kusan awa guda kafin ya faɗo min in duba agogo.

Ita ba ta yi laifi ba. An daskarar da ita ranar Juma'a, an narkar da ita Litinin, ta ci gaba da ƙirga daga inda ta tsaya.

Amma ko ba a daskarar da ita ba, agogon baƙuwa yakan zame, kuma dalilin yana da daɗin ji. Kwamfuta ta gaske tana da ɗan ƙaramin dutsen kwatz da ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa, da batir kamar kwabo mai riƙe shi ko an kashe wuta. Baƙuwa ba ta da ko ɗaya, kwaikwayonsu kawai ake mata. A da, Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da baƙuwar nan, yana sanin lokaci ne ta hanyar ƙirga bugun da ake aiko masa, sau 100 ko 250 ko 1000 a daƙiƙa. To idan baƙi goma suna rabon furosesa ɗaya, mai masauki yakan ce wa wata ta ɗan dakata. A cikin dakatawar nan bugu ya wuce ba ta ji ba. Kamar mutumin da aka sa ya ƙirga motocin da ke wucewa yana gyangyaɗi. Idan kuma aka tara mata bugun da ta rasa aka zuba mata lokaci guda, agogon na iya yin gudu ya zarce.

Yanzu an rage wannan ciwon kai sosai. Ku ga wannan fayil ɗin da na buɗe, current_clocksource, ya rubuta kvm-clock. Ma'anarsa baƙuwar ta daina dogaro da ƙirgarta, tana leƙa lissafin da mai masauki ke ajiye mata. Idan kuna kan KVM, wato manhajar da ke ba Linux damar saukar baƙi, kuka ga wani suna daban kamar hpet ko acpi_pm, ku tsaya ku bincika dalili.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ina da chrony a kanta, mai tambayo lokaci daga intanet ta hanyar NTP, tsarin nan da David Mills na Jami'ar Delaware ya fito da shi tun 1985. To me ya hana shi gyarawa? Bari in zuƙo muku layin nan: makestep 1 3. Fassararsa, idan kuskuren ya wuce daƙiƙa ɗaya, ka tsallaka kai tsaye zuwa daidai, amma a gyara uku na farko bayan an tashe ka kawai. Shi kuwa ba a tashe shi sabo ba, daga hoton ya farka, damarsa uku ta ƙare tun tuni. Saura lallaɓawa: ya riƙa ƙara wa agogon sauri kaɗan-kaɗan, kuma iyakar saurin da aka yarje masa kashi ɗaya ne cikin 12. Ku buga lissafin da kanku. Kwana uku sau 12, kwana 36 ke nan kafin ta kamo mu! Da tsohon ntpd ne ma, wanda ya riga chrony a wannan aikin, da zarar tazarar ta wuce daƙiƙa 1000 sai ya ɗaga hannu ya fita abinsa.

Kada ku ga wautarsu. Tsallake yana da haɗari, musamman na komawa baya. Rumbun bayanai zai iya ganin ciniki na biyu ya riga na farko, aikin da aka tsara wa ƙarfe biyu ya gudana sau biyu. Shi ya sa ni a injin gwaji nakan mayar da ukun nan na makestep zuwa -1, ya tsallaka duk sanda ya ga dama, amma a injin da mutane ke aiki a kansa ba na taɓawa sai na tsayar da rumbun tukuna.

Yanzu ku kalla. Daga wajen mai masauki na rubuta umarnin virsh domtime da sunan baƙuwar da --now, don ya saita agogonta da nasa. Sai an girka qemu-guest-agent a cikinta, wato 'yar manhajar da ke karɓar saƙon mai masauki, wannan ke aiki. Na danna. Kun gani? Litinin. Daga ciki kuma chronyc makestep zai yi irin wannan aikin.

Akwai wani kuskuren da na taɓa tafkawa, gara in tona kaina. A wata baƙuwa kan VirtualBox, wata manhajar saukar baƙi, na girka ƙarin manhajojinta da ake kira Guest Additions, waɗanda ke duba agogonta da na mai masauki duk daƙiƙa 10, sannan na ƙara chrony don wai in ƙara tabbaci. Ban lura agogon laftof ɗin kansa ya zame ba. Wannan ya ja gaba, wancan ya ja baya, na zo karanta rajistar aiki na ga lokaci yana tangaɗi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Na kashe ɗaya, sannan na gyara agogon laftof ɗin, aka samu lafiya. A wurin aiki ma abin ya fi tsanani, domin Kerberos, tsarin tantance masu shiga da Active Directory (rajistar ma'aikata ta Microsoft) ke amfani da shi, ba ya yafe tazarar da ta wuce minti 5, sai dai ma'aikata su wayi gari ƙofa a rufe.

Af, tun da ina nan Turai, wani abu kuma. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da ƙarfe uku na dare ƙarfe biyu, a ta ƙarshen Maris a tura gaba. A daren Oktoban nan awa ɗaya takan zo sau biyu ke nan. Duk baƙin da ke kan injin nan a UTC na bar su, wato agogon duniya da ba a tura shi gaba ko baya, allon gabana ne kaɗai ke bin agogon gari.

Bari mu duba chronyc tracking mu ga inda aka kwana. Ga layin System time nan, tazarar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. To bari in sake gwada lambar wayar. Shida, biyu, tara... ta buɗe. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, zan kunna baƙi takwas lokaci guda in matse furosesa, mu ga wacce za ta fara zamewa.