Ba mamin yake ba, sautin ne yake makara a hanya

[Bidiyon waya daga can ƙarshen filin wasa, fuskar mawaƙi a babban allo]

Toh jama'a, nasan kun ci karo da irin wannan bidiyon, wani ya ɗauka da wayarsa daga can bayan fili, bakin mawaƙin ya riga ya rufe amma muryar bata gama fitowa ba, sai kaga an rubuta a ƙasa wai asiri ya tonu, mamin yake yi, wato baki kawai yake motsawa ana kunna muryar da aka naɗa, ga ma wani abu a kunnensa ana karanto masa baitoci. Dan Allah ku sake kallo, amma wannan karon ku bar bakin, ku kalli mai ganga. Sandarsa ta sauka... sai yanzu kuka ji dum ɗin. Ita ma gangar ta makara kenan, kuma ai ganga bata mamin.

[A maimaita saukar sandar a hankali]

Abin da ke faruwa shine haske da sauti ba gudunsu ɗaya ba. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, wato kafin ka ƙifta ido ya iso. Shi kuwa sauti a cikin iska mita 343 kacal yake ci a sakan, idan yanayi na matsakaicin ɗumi. Irin walƙiya da tsawa ne, kaga hasken tukuna daga baya kaji rugugin. Mai wayar nan idan yana nesa da sifikun da mita 100, muryar sai ta ɗau kusan kashi uku cikin goma na sakan kafin ta iso makirufon wayarsa, alhali hoton tuni ya shiga kyamara. Mutum kuma yana fara gane baki da murya basu haɗu ba tun lattin bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na sakan ba, wanda tazarar mita arba'in da 'yan kai ma ta isa ta jawo shi. Shikenan batun baki.

Yanzu mu zo kan abin kunnen, don a nan ne mutane suka fi ɓata, kuma a nan zan daɗe.

[Zane: dandamali, manyan sifiku a rataye gefe da gefe, kibiyoyi na fita zuwa wajen jama'a]

Kalli inda manyan sifikun nan suka fuskanta. Kai suke kallo, sun juya wa mawaƙin baya, kuma da gangan aka yi haka, saboda idan sautin sifika ya koma cikin makirufo sai ya riƙa zagayawa yana ƙaruwa har kaji wannan kukan kiiii mai tsaga kunne. To kaga mutumin da duk filin ya taru don jin muryarsa, shine wanda aka ajiye a wurin da muryar bata zuwa kai tsaye. Me yake ji a can? Gangar da ke bayansa da ƙarfin gaske, ihun mutane dubu-dubai a gabansa, ƙugin bas, wato sautin kiɗan nan mai kauri, da ke zagayowa ta bayan sifiku, sai kuma muryarsa da ta tafi ta daki bangon ƙarshen fili ta dawo.

Wannan dawowar ita ce masifar. Bari mu yi lissafi tare, ba wuya. A ce bangon yana nesa da mita 85. Zuwa da dawowa mita 170 kenan, kusan rabin sakan. Waƙar da ke tafiya da bugu 120 a minti kuma, tsakanin bugu da bugu rabin sakan ne. Wato yana kan bugu na biyu, kunnensa na kawo masa na farko, yana furta wannan kalmar, wadda ya gama furtawa tana dawowa ta hau kanta da ƙarfi kamar wani ne daban yake binsa a baya yana maimaitawa.

[Allo ya rabu biyu, layin murya da layin amsa-kuwwa na gudu ɗaya a bayan ɗaya]

Duk wanda ya taɓa yin waya yana jin muryarsa na dawo masa ya san yadda abin yake, kana magana sai harshenka ya fara harɗewa, ka ja kalma, ka tsaya, ka rasa inda kake. Ƙwaƙwalwa da kunne take gyara baki, kana furtawa tana saurare tana daidaita maka tashi da saukar murya ba tare da ka sani ba, da zarar abin da take ji ya makara sai gyaran ya rikice. Wannan a hira ne fa ta waya. Ka ɗora masa riƙe kari, da riƙe murya daidai, da rawa, da numfashi, awa biyu. Wallahi ni tun da na fahimci wannan na daina saurin cewa wane bai iya waƙa ba idan naji ya kauce a fili, tambayar da nake fara yi ita ce anya yana jin kansa kuwa.

[Tsofaffin hotuna baƙi da fari]

Ba yau aka fara ba. Ranar 15 ga Agusta 1965 ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ta yi wasa a filin Shea da ke New York gaban mutum sama da 55,000, ihu ya danne komai, mai gangarsu Ringo Starr ya sha bada labarin cewa motsin jikin abokan nasa yake kallo don ya gane inda aka kai a waƙar. Shekara ɗaya bayan nan, 29 ga Agusta 1966 a San Francisco, suka yi wasansu na ƙarshe na yawon gari-gari. Daga baya aka koma jera ƙananan sifiku a ƙasa gaban mawaƙa suna kallonsu, waɗannan akwatunan da kuke gani ana ɗora ƙafa a kai. Sun taimaka, sai dai kowa na cewa a ƙara masa nasa, mai jita ya ƙara, mawaƙi ya ƙara don ya danne mai jita, dandamali ya zama gasar ƙara. A 1995 wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya haɗa wa mai gangar ƙungiyar Van Halen na'urar kunne ta musamman, wadda tana cikin waɗanda suka buɗe hanyar irin wadda ake yayi yanzu.

[Kusa-kusa: na'urar a tafin hannu, waya ta bi bayan wuya zuwa ɗan akwati a ƙugu]

Ga ta nan. Ana ɗaukar siffar ramin kunnen mutum a zuba masa tasa, ta toshe hayaniyar waje, sannan ta kawo masa sautin ta rediyo zuwa ɗan akwatin nan na ƙugu, kusan nan take, ba jiran bango. A gefen dandamali akwai injiniya guda da ba ruwansa da ku 'yan kallo, aikinsa kawai ya haɗa wa kowa abin da yake so yaji, wannan yace a ɗaga masa muryarsa da fiyano, wancan yace ganga da bas sun ishe shi. Sau da yawa akwai ƙas-ƙas-ƙas na ƙidayar kari a ciki don kiɗa ya tafi daidai da fitilu da hotunan allo, wani lokacin har da muryar shugaban makaɗa yana cewa ɗaya, biyu, uku, shiga. Eh, ana iya magana a ciki. Amma karanto baiti a kunne kana tsakiyar rerawa ai ƙarin ruɗu ne, mai mantuwa allo ake ajiye masa a ƙasa ya karanta.

Kuma na'urar tana ceton kunne, wannan ɓangaren yana damuna sosai. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata a Amurka ke bada shawara ita ce desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa takwas, duk ƙarin desibel 3 lokacin ya ragu da rabi, kafin ka kai 100 saura minti 15. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin ƙara a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100. Kai dare ɗaya kazo, su sana'arsu ce kullum.

Idan kaga mawaƙi ya fizge ɗaya daga kunnensa ya bar ta tana lilo, ko dai yana son jin ku ne kuna amshi, ko haɗin ya lalace masa. In kaga yana nuna kunne yana ɗaga yatsa sama yana kallon gefe, da injiniyan yake, a ƙara masa.

Kar wani yace nace ba a mamin a duniya. Ana yi, ana kuma ɗora muryoyin da aka naɗa a ƙarƙashin ta gaske, ni kaina nafi son naji murya da numfashinta da 'yar rawar da take yi. Kawai dai bidiyon waya daga kujerar ƙarshe ba zai tabbatar maka ba.

[Hasumiyar sifiku a tsakiyar taro, sannan a yanke zuwa cikin tsohon coci]

Waɗannan sifikun na tsakiyar fili ma da gangan ake jinkirta musu sauti, su jira na gaba ya iso su fita tare, in ba haka ba na baya sau biyu za su ji kowace kalma.

Masu kaɗa ogan mai bututu, wani babban kayan kiɗa da ake dannawa kamar fiyano, a manyan coci-coci kuwa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fama da wannan ba wata na'ura a kunne. Notre-Dame ta birnin Paris, wadda ta yi gobara a Afrilun 2019 aka sake buɗe ta a Disambar 2024, tsawonta ya haura mita 120, babban ogan ɗinta mai bututu kusan 8,000 yana can sama ta wajen ƙofar shiga, masu rera waƙa kuma suna can ɗaya ɓangaren, ga bangon dutse da ke riƙe amo na sakanni yana juyawa. Idan makaɗin ya jira sai yaji muryarsu sannan ya danna, ya riga ya makara, su ma in suka jira shi su ƙara makara, waƙa ta riƙa jan ƙafa. Shi yasa irin waɗannan gine-ginen kan ajiye ƙaramin ogan na biyu kusa da masu rerawa, kuma shi yasa a coci da yawa zaka ga madubi ko ɗan allon kyamara a gefen makaɗin.

[Kyamara ta matsa kan madubin, hannun jagoran mawaƙa na sauka a ciki]

Ku kalli idonsa, hannun can yake bi. Hannun ya sauka, yatsunsa sun danna, muryoyin kuma sai... yanzu suka iso.