Ƙofar da Ba Alƙali Ne Ya Kulle Ba

A wani asibitin masu taɓin hankali a Jos, wata uwa tana tsaye a bakin ƙofar ƙarfe da kular abinci a hannu, tana jiran ma'aikaciyar jinya ta zo da makullai. Ɗanta yana ciki. Bai yi sata ba, bai gurfana gaban alƙali ba, amma ko farfajiyar asibitin ba ya iya fita sai an ba shi izini.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya halatta tsare mai taɓin hankali domin a yi masa magani ko a kare jama'a, kuma sashen nan ne ya halatta tsare baƙon haure kafin a mayar da shi ƙasarsa. Abin da ya haɗa mutanen biyu shi ne rashin sanin ranar fita. Wanda kotu ta ɗaure yana ƙirga kwanakinsa, su kuwa sai dai su jira sa hannun likita ko na jami'in shige da fice. A Birtaniya ma doka ba ta ƙayyade iyakar lokacin da za a tsare yawancin baƙin haure ba. A Libiya kuwa, aƙalla mutum 53 ne suka mutu a 2019 lokacin da aka kai harin sama kan sansanin tsare baƙin haure na Tajura, suna kulle a ciki, babu hanyar gudu.

Akwai lokacin da kulle ƙofa ke ceton rai, musamman idan mara lafiya yana neman halaka kansa. Abin takaicin shi ne, Najeriya ta daɗe tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda ta fi damuwa da killace mutum a kan warkar da shi, har sai da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023.

Tun a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya suke zama a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, su zo asibiti da rana a duba su, da yamma kuma su koma masauki su ci tuwon dare da 'yan uwansu.