Ƙuma a jikin kare da mage: yawancinta a ɗaki take

Assalamu alaikum masu kallo. In kun ga karenku ko magenku na susa ba dare ba rana, musamman wajen gindin wutsiya, ku samo mataji mai ƙananan haƙora da farar takarda da kuka ɗan jiƙa, ku taje gashin a kanta. Baƙaƙen ɗigo za su zubo kamar yashi. In sun narke sun koma ja, kashin ƙuma ne. Jinin dabbarku ne da ta sha.

To ga inda ake yawan yin kuskure. Ƙumar da ke yawo a jikin dabba kusan kashi 5 cikin 100 ce kacal. Sauran ƙwai ne, da tsutsa, da waɗanda suka naɗe kansu a ƙwanso, suna cikin shimfiɗa, da kafet, da tsagar daɓe, da ƙarƙashin kujera. Macen ƙuma ɗaya kan saka ƙwai har 50 a rana, kuma ƙwan ba ya manne wa gashi, duk inda dabbar ta kwanta nan yake zuba. Wadda ke cikin ƙwanso kuwa feshi ba ya ratsa ta sosai, tana iya shafe watanni a lafe, sai ta ji ɗumi ko motsi ta fito. Shi ya sa za a yi wa kare wanka yau, bayan sati biyu a koma gidan jiya.

Kuma abin ya wuce ƙaiƙayi. Ɗan mage ko ɗan kwikwiyo ƙuma na iya zuƙe shi har jininsa ya yi ƙasa, ka ga dasashi ya yi fari fat. Dabbar da ta haɗiye ƙuma garin lasar jiki kuma tana kamuwa da farar tsutsar ciki.

Ku je wurin likitan dabbobi ya auna nauyin dabbar ya zaɓi magani. Akwai na ɗigawa a bayan wuya, irin fipronil ko imidacloprid, yawanci wata-wata, akwai kuma fluralaner mai kai sati 12. Duk kare da magen gidan a yi musu rana ɗaya, har wadda ba ta susa. A wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi duk sati, a share lungu-lungu, a fitar da sharar nan take. A jure wa wannan aƙalla wata 3, kafin na ƙwanso su gama fitowa su mutu.

Wannan kuma don Allah ku riƙe shi: kada ku taɓa shafa wa mage maganin kare. Da yawa na ɗauke da permethrin, wanda hantar mage ba ta iya sarrafawa. Ko gogar karen da aka ɗiga wa ta yi, yana iya taɓa ta. In kun ga tana karkarwa, tana dalalar da miyau ko tana farfaɗiya, ku garzaya da ita wurin likita, ku riƙe kwalin maganin a hannu.