Laifin da Ba Ya Shiga Littafin 'Yan Sanda: Daga Wata Lacca a Sakkwato

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu da ke zaune a gaba, ɗalibai, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana kan ko laifuka na ƙaruwa ko raguwa a jiharmu. To, wane laifi? Kuma wa ya ƙirga shi?

A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da binciken da ta yi gida-gida. Ta ce daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024 an biya kuɗin fansa kimanin naira tiriliyan 2.2 a Najeriya, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba wajen yawan laifuka. An yi ta gardama kan alƙaluman. Ni abin da ya ja hankalina shi ne mutane aka tambaya a gidajensu, ba littafin caji ofis aka buɗe ba.

Don in ka bi ta littafin 'yan sanda, za ka ɗauka cikin garin Sakkwato ne matsalar take: ƙwacen waya, satar babur, 'yan shaye-shaye. Waɗannan ana kai ƙara, domin ofis na kusa. Mutumin wani ƙauye a Sabon Birni ko Isa fa?

Ku lura da yadda ta'asar 'yan bindiga ta sauya kama. Da farko satar shanu ce. Sai harin Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a 2018. A Mayun 2020 aka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, a Oktoban 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo, a Disambar shekarar aka ƙona matafiya cikin mota. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, ya rasu a hannunsu. Allah ya jiƙansu. Waɗannan duniya ta ji.

Wanda ba a ji shi ne haraji, kuma nan nake so mu daɗe. Ɗan bindiga ya aiko wa gari cewa a tara kuɗi kaza kafin a shiga gona. Mai gari ya zauna da dattawa, a raba wa kowane gida nasa kaso. Mai tunkiya ya kai ta kasuwa, mace ta fito da buhun geron da ta ɓoye don damina. A ƙulle kuɗin a leda, a ba wani yaro mai babur ya kai daji. Ba a harba harsashi ba, ba gawa, ba ƙara. In kaka ta yi, su sake aikowa. A takarda wannan gari lafiya lau yake, har wani jami'i ya tsaya ya ce an samu sauƙi!

Ko a yamma, Tangaza da Gudu, Lakurawa, wata ƙungiya mai ɗauke da makamai, sun daɗe suna karɓar shanu da sunan zakka kafin hedikwatar tsaro ta ambace su a Nuwamban 2024.

Wani ɗalibi ya miƙo tambaya kan jami'an tsaron sa-kai da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2024. Ɗana, suna da amfani, sun san hanyoyin daji. Amma in kana son auna aikinsu, kada ka tsaya a yawan hare-hare. Ka tambayi hakimai ƙauyuka nawa suka yi noma bana ba tare da sun biya ba, da kuma mutum nawa cikin waɗanda suka tsallaka Maraɗi suka dawo gida.