Kano zuwa Abuja: jirgi ko mota, awa nawa daga ƙofar gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A ce kana wani ƙauye a ƙasar Gumel ko Ringim, aka bugo waya ana nemanka a Abuja. Za ka ji ana cewa ai jirgi awa ɗaya ne. Haka ne, amma daga tashi zuwa sauka ake nufi, kai kuwa daga ƙofar gidanka za ka fara lissafi.

A miƙe ta sama, tsakanin Kano da Abuja wajen kilomita 360 ne. Titi kuwa sai ya ratsa ta Kwanar Ɗangora, Zariya, Kaduna, Tafa, sannan Zuba, shi ya sa yake haura kilomita 400.

Mu fara da mota. Idan hanya ta yi kyau, ƙaramar mota takan ci awa shida. Sai dai motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma zaman jiran lodi a tashar Unguwa Uku kaɗai yana iya cinye maka awa guda. Ga shingayen jami'an tsaro, ga tsayawa salla da cin abinci, ga wuraren da ake aikin titi inda masu zuwa da masu dawowa ke bin hannu ɗaya. A Mararrabar Jos da Tafa kuwa tireloli da tankoki ne jere a gefen hanya, ɗaya ta lalace a tsakiya, kowa ya tsaya. Don haka ka ware awa bakwai zuwa takwas. Shawararmu, ka shigo Kano tun ana gobe tafiya ka kwana, ka kama motar farko bayan asuba, don ka wuce tsakanin Kaduna da Abuja da hasken rana. Wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To jirgi fa? Ka isa filin jirgin Malam Aminu Kano awa biyu kafin lokacin tashi, domin ana rufe kantar tantance fasinja tun jirgi bai motsa ba, kuma wanda ya makara ba a jiransa. Sunan da ke kan tikiti dole ya dace da na katin shaidarka. Wuƙa, almakashi ko reza, kada su shiga jakar hannu, a babbar jaka ake sa su. Bayan kun sauka akwai jiran kaya, sannan filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari. Idan ka tara duka, awa huɗu ke nan ko fiye, ban da tafiyar da ka yi daga ƙauye zuwa Kano. Ratar da ke tsakaninsa da mota ta dawo awa uku zuwa huɗu, kuɗin tikiti kuwa ya ninka na mota sau da yawa.

Sai maganar hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe sararin Kano, matuƙi ba ya hango titin sauka, sai a ɗage tashi ko a soke shi gaba ɗaya. Idan asibiti za ka, ko jarrabawa, ko ganawar neman aiki a wannan lokaci, yanki tikitin jirgin da zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, kuma ka riƙe kuɗin mota a aljihu.