Awar farko a wasannin Zelda: wanne ke ruɗar mutum?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Agege muke magana, nan Legas. Idan kun ji ƙarar janareta a bayanmu ku yi haƙuri, an ɗauke wuta. Ina tare da Yaya Bala da Hadiza. Yau Zelda, jerin wasannin bidiyo na Nintendo, za mu taɓa, amma awar farko kawai, wato abin da mutum ke tararwa daga kunna wasan zuwa lokacin da zai ce "wannan zan ci gaba" ko ya ajiye hannu. Yaya Bala, kai ne babba, buɗe mana.

Yaya Bala: Wa alaikumus salam. To Nasiru, a fara daga tushe. Na farko ya fito a Japan a 1986, ya isa Amurka a 1987, aikin Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka na kamfanin Nintendo. Kana kunnawa sai ka ga Link, jarumin da kake sarrafawa, a tsaye a fili, hanya uku, ga bakin kogo ɗaya a sama. Hannunsa babu takobi. In ka shiga kogon, wani tsoho ya ba ka na katako. In ka wuce ba ka shiga ba, wasan ba zai ce maka uffan ba, haka za ka yi ta yawo ana cin ƙaniyarka.

Hadiza: Kuma nan ne sabon shiga ke cewa wasan ya tsufa.

Yaya Bala: Bai fahimci yadda aka sayar da shi ba ne. Kaset ɗin da littafi da taswira yake zuwa. Filin allo 128 ne, 16 a kwance 8 a tsaye, gidajen dodanni tara. Wanda ya kunna shi yau ba taswira, rabin wasan aka ba shi. Ya ɗauki biro da takarda ya zana akwatunan, duk allon da ya shiga ya sa alama. Sannan ya kula da zuciyoyinsa uku: muddin a cike suke, takobin harbi yake daga nesa. An taɓa ka sau ɗaya, harbin ya tsaya, sai ka matso jiki da jiki. Yawancin mutuwar farko daga nan take.

Nasiru: To A Link to the Past fa, na 1991?

Hadiza: Ai wannan ba a ja da shi. Dare, ana ruwa, murya na kiranka, baffanka ya fita da takobi ya ce kar ka bar gida. Kafin minti goma ka shiga fada ta wani rami a gefen gini, takobin ya dawo hannunka. Babu dogon bayani. A wurina buɗewar da ta fi kowacce tsafta ke nan, shi ya sa ma babu abin da za mu daɗe muna faɗa a kanta.

Nasiru: Mu zo kan wanda ake ta yi wa kirari, Ocarina of Time, 1998. Yaro ya ji ana cewa babu kamarsa, ya kunna, bayan minti ashirin yana yankan ciyawa yana neman kuɗi.

Yaya Bala: Haka ne, kuma gara a gaya masa tun wuri. Akwai wani yaro, Mido, da ke tare hanya, ba ka wucewa sai da takobi da garkuwa. Takobin na bayan wani ɗan rami da ake rarrafawa a shiga, a wurin atisaye, inda wani ƙaton dutse ke zagayawa. Ka bar dutsen ya wuce, ka bi bayansa. Garkuwar kuma rufi 40 ce a shago. Rufi shi ne kuɗinsu. Kore ɗaya ne, shuɗi biyar, saboda haka shuɗin za ka nema, ka fasa tukwane ka buɗe akwatunan gidan Mido ɗin kansa.

Hadiza: Yaya, ka faɗi batun kyamara, don ita ke korar mutane. Hannun Nintendo 64, na'urar da wasan ya fito a kai, sandar juyawa ɗaya gare shi. Wanda ya saba da PlayStation yana ta laluben sanda ta biyu ya juya kallo, babu ita. Maɓallin Z ne ke dawo da kyamara bayanka, shi ne kuma ke kafe idonka a kan abokin faɗa. Duk wanda bai mayar da danna shi ɗabi'a ba zai rantse wasan a karye yake.

Yaya Bala: Ƙwarai. Kuma hukunci ba ya halatta sai an shiga cikin babbar bishiyar nan, wato gidan dodanni na farko. Akwai saƙar gizo a ƙasa da ba ta yankuwa. Sai ka hau can sama ka diro a tsakiyarta, nauyinka ya ɓarke ta. In ka diro a gefe, sai dai ka sake hawa. A ƙasa kuma ka kunna sanda a jikin wuta ka ƙona wata saƙar, da sauri, don sandar cinyewa take. Wanda wannan dirowar ba ta burge shi ba, to da wuya sauran su burge shi.

Nasiru: Akwai waɗanda farkonsu ya ci amanarsu. Hadiza, kin ce kina da ƙorafi.

Hadiza: Twilight Princess, 2006. Wasa mai gidajen dodanni masu kyau, amma sai ka yi kiwon awaki sau biyu, ka ƙwato kwandon jariri a hannun biri da taimakon shaho, a ba ka fatsa, ka kama wa kyanwa kifi. Kifin ma biyu ne: na farko kallo kawai take, na biyu ta sure ta gudu gida wurin uwargijiyarta mai shago, sannan mai shagon ta yarda ta sayar maka da danƙon harbi rufi 30. Inda ake maƙalewa shi ne jan fatsar da wuri. Jira za ka yi abin ya nutse tukun.

Yaya Bala: Wind Waker kuma tun kafin a taɓa shi aka yanke masa hukunci. Da aka nuna shi a 2001 mutane suka ce katun ne na yara, don shekara guda kafin nan an nuna musu Link mai kama da mutum. Ya fito a Japan a 2002. Laifinsa na gaske ba zane ba ne: an ba ka takobi, an jefa ka sansanin maƙiya, takobin ya suɓuce maka, kana fakewa cikin ganga. Dabarar ɗaya ce, mai gadi ya juyo ka tsaya cak, ya ba ka baya ka motsa.

Nasiru: Skyward Sword?

Hadiza: Surutu. Mu wuce.

Nasiru: To shi ke nan, an wuce. Breath of the Wild, 3 ga Maris 2017. Yawancin masu na'urar Nintendo Switch a Legas da shi suka san Zelda.

Hadiza: Nan kam a zauna. Ka farka, ka fito daga kogo, aka nuna maka duniya, aka sake ka. Amma a kan wani tudu kake wanda ba ya saukuwa sai da lemar sauka, ita kuma sai ka gama ɗakunan gwaji huɗu: na maganaɗisu, na bam, na tsayar da abu cak, na ƙanƙara. Biyun farko a fili suke. Na ƙanƙarar ne ke cikin sanyi, kuma sanyin zuciya yake ci a hankali. Kuskuren da kowa ke yi, ya tsinko barkono ya ci ɗanye. Ɗanye ba ya maganin sanyi. Sai ka sami tukunya, ka tabbata akwai wuta a ƙarƙashinta, ka rungumi barkonon daga jaka, har biyar take ɗauka, ka zuba. Kar ka haɗa da naman kaza mai ƙara kuzari ko wani abu mai nasa amfanin daban, amfani biyu a tukunya ɗaya kashe juna suke.

Yaya Bala: Ko ka riƙe sanda mai wuta a hannu, ita ma tana ɗumama ka, sai dai da ka fara gudu ko hawa ta mutu.

Nasiru: Ƙorafin da aka fi yi shi ne makamai na karyewa.

Yaya Bala: Saboda mutane na ɓoyon makami kamar kuɗin adashi. Gurbi takwas gare ka da farko, kuma makami ko'ina yake. In aka ce ya kusa karyewa, jefa shi za ka yi, bugun da ya fashe a kai ninki biyu ne, ka ɗauki na wanda ya faɗi. Gurbin kuma ana ƙara shi da ƙwayoyin da Korok, ƙananan halittun daji, ke bayarwa, a wurin wani babbansu mai suna Hestu, na farko ɗaya kawai yake karɓa. Abin da ni ban yafe wa wasan ba shi ne ruwan sama. Kana tsakiyar dutse a fara ruwa, sai zamewa. Magani sai ka sami inda ke da rufi, ka ajiye itace da dutsen ƙyastu, ka buga da makamin ƙarfe, ka zauna gaban wuta lokaci ya wuce. In kuma ana tsawa ka ga ƙarfen bayanka na tartsatsi, cire shi nan take.

Hadiza: Damina a Legas ma haka take, sai dai mu babu wutar da za mu zauna ta wuce.

Nasiru: Wallahi. To Tears of the Kingdom, 12 ga Mayu 2023, wanda ya sayar da miliyan 10 cikin kwana uku?

Hadiza: Farkonsa ya fi nauyi. Tsibiri ne a sama, kuma hannun da aka ba Link na manna katakai kamar da gam yana ba mutane wahala. Riƙe maɓallin R, ka juya abin da maɓallan kibiya, in ka manna ba daidai ba ka girgiza sandar dama ya rabu. In ka sa fanka a kwale-kwale ta kalli inda ba haka ba, baya za ka yi. Amma babban tarkon bayan an sauko ƙasa ne. A wannan karon ba a ba ka lemar a tsibiri. Sai ka je sansanin Lookout Landing wurin wata mai bincike, Purah, ka bi aikenta har a kunna hasumiyar farko. Wanda ya ce shi ya san gari ya kama gabansa, zai yi awanni yana faɗowa yana mutuwa.

Nasiru: Kafin mu tashi, Yaya Bala, wanda zai shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba ya sayi Switch tokumbo, wato kwancen waje, me zai duba?

Yaya Bala: Sandar hannu tukun. Ya shiga saitin na'ura, wurin daidaita sanduna, ya ɗauke yatsa. In alamar ta bar tsakiya da kanta, hannun ya fara yawo, kuma a Zelda wannan na nufin Link zai taka bakin dutse ba ka sa shi ba. Na biyu batir. Switch ta 2017 wajen awa uku take yi da Breath of the Wild, wadda aka sabunta a 2019 mai jan kwali wajen biyar da rabi. Ga mai zaman go-sulo daga Ikorodu zuwa Obalende, bambancin ba kaɗan ba ne. Ƙaramar da ake kira Switch Lite kuma ba ta hawa talabijin, kar a ruɗe ka.

Hadiza: A ƙara da caja. Ta asali ce ke ba da bolt 15 ɗin da mazaunin talabijin ke so, ta waya ba za ta fitar da hoto ba. Kuma cikin na'urar giga 32 ne, Tears of the Kingdom shi kaɗai wajen 16, ga kuɗin data. Kaset ya fi. Ajiyar wasanka a na'ura take zama, ba a kaset ba, ko ka ba da aro babu abin da zai ɓace.

Nasiru: Ance ana lasar kaset don a gane na gaske.

Hadiza: Ɗacin da gaske ne, Nintendo ne suka shafa don kar yara su haɗiye. Amma kaset ɗin da ya zaga hannu goma a Ikeja, ni dai ban ce kowa ya kai baki ba. A sa a na'ura a gaban mai shago, a ga ya tashi.

Nasiru: To mako mai zuwa Majora's Mask ne, mai kwana uku da wata na faɗowa. Yaya Bala ya ce shi kaɗai zai ci shiri guda. Mu kwana nan, janaretan ma ya fara tari.