Darasi: Yadda Za Ki Sa Wa Kek da Surfaninki Farashin da Ba Zai Cinye Miki Jari Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da wannan lokaci. Yau kun ga teburina a cike, ga fulawa da ƙwai a gefe guda, ga zare da allura a ɗaya gefen. Da gangan na haɗa su, don tambayar da aka fi aiko min, daga masu gashin kek har masu surfani, guda ɗaya ce: ina ta aiki, ana ta yabawa, ana ta saye, amma wata ya ƙare ban ga kuɗin ba. Za mu kwaɓa kek ɗaya tare, yana cikin obin mu koma kan zare, a tsakani kuma mu yi lissafi. Ki ɗauko biro da littafi, yau sun fi ludayi amfani.

Ƙanwata, miƙo min sikelin nan. Yauwa.

Kafin komai, ku dubi wannan. Ga kofi ɗaya na fulawa, na zuba shi da cokali a hankali, na share bakinsa. Mu ɗora. Giram 122. Yanzu ga kofin dai, amma na tsoma shi cikin buhu na danna. Giram 150. Kofi ɗaya ne, hannu ɗaya ne, amma tsakaninsu kusan giram 30. In kek ɗinki na cin kofi biyu, kin ƙara giram 60 ba ki sani ba, shi ya sa na jiya ya yi laushi, na yau ya fito a bushe. Lokacin da kike yi wa 'yan gida, ba wanda zai ce komai. Kwastoma kuwa abin da ta ci makon jiya shi take so a yau, kuma shi ta biya. Saboda haka ni a wurina, ranar da mace ta sayi sikeli ranar ta fara sana'a. Ba ya cikin kayan tsada, kuma ba za ki iya sanin kuɗin abin da ba ki auna ba.

Kek ɗin da za mu yi shi ne mafi sauƙin lissafi a duniya, wanda mutanen Ingila suke kira kek ɗin fam tun ƙarni na 18, saboda fam ɗaya-ɗaya na awon nauyi suke sa wa na bota, sukari, ƙwai da fulawa. Mu za mu rage shi: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai 5, don ƙwai madaidaici in an cire ɓawonsa yana kai giram 50. Sai bekin foda ƙaramin cokali 2 da ɗan gishiri.

Botar nan ba daga firij na ciro ta yanzu ba. Ku ga, na danna da yatsa ta lotsa amma ba ta narke ba. Haka ake so. Zan buga ta da sukari har ta yi fari ta tashi, minti huɗu zuwa biyar da na'ura, da hannu kuwa ya fi haka. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin sukari suna yanka botar suna cusa mata iska, wannan iskar ce za ta kumbura a cikin zafi. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kada ki juye su lokaci guda, kwaɓin zai tsinke. Fulawa a ƙarshe, ki juya a hankali, da ta ɓace ki tsaya. In kika ci gaba da bugu, sinadarin da ke sa burodi danƙo zai tashi, kek ɗin ya yi tauri.

Wata ta tambaye ni ko bekin soda zai maye gurbin bekin foda. A'a, 'yar uwa. Soda sai ya haɗu da abu mai tsami, kamar ruwan lemun tsami, kafin ya yi aiki. Foda kuwa an riga an haɗa masa tsaminsa a ciki. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, shi ya haɗa irinsa a 1843, saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. In kina shakkar fodarki ta tsufa, ki zuba rabin cokali a ruwan zafi. Ta yi kumfa nan take, tana da rai. Ta yi shiru, ki zubar, kada ta ja miki asarar ƙwai biyar.

Obin ɗina ya riga ya yi zafi, digiri 170. Zai ɗauki minti 50 zuwa awa ɗaya, kuma ba za mu buɗe ƙofar ba a rabin awar farko. Na sa shi. Yanzu sai littafi.

Lambobin da zan faɗa misali ne kawai, ki sa naki farashin da kuɗin ƙasarku. Layi na farko, kayan haɗi. Buhun fulawa na kilo ɗaya yana ba ki irin wannan kek huɗu, don haka ki raba kuɗinsa gida huɗu. Haka za ki yi wa sukari da bota. Kiret na ƙwai ki raba da adadin da ke ciki, ki ninka sau biyar. Har bekin foda da man da kika shafa wa gwangwani sai sun shiga. A ce duka sun tashi 100.

Layi na biyu shi ne wanda ake mantawa: gas ko wutar lantarki, kwali, takardar gashi, leda, kuɗin mota zuwa sayayya, katin waya da kika ƙona kina amsa kwastoma. A ce 20.

Layi na uku kuwa a nan nake so mu daɗe, don nan ne mata suke cutar kansu. Lokacinki. Ki tambayi kanki, da wata ce za ki ɗauka ta yi miki wannan aikin, nawa za ki biya ta a awa? Wannan shi ne ladanki, kuma ba shi ne riba ba. Kek ɗin nan daga awo zuwa wanke-wanke zuwa sa shi a kwali ya ci min awa biyu. In awata 30 ce, 60 ke nan. Mun kai 180. Ki ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda kek ɗin da zai ƙone wata rana da na'urar da za ta lalace, ki zagaye shi zuwa 200. Wannan 200 ɗin shi ne abin da kek ya ci. Duk wadda ta sayar a 150 tana murna ta ci ribar 50 a kan kayan haɗi, a gaskiya kusan kyauta ta yi awa biyu a tsaye, don 10 kacal ya rage mata a cikin ladan 60.

Riba tana zuwa a saman 200. Kika ɗora kashi 25, farashi ya zama 250. Amma ki lura, 50 a cikin 250 kashi 20 ne na kuɗin da ya shigo hannunki. To in wata ta ce ki rage mata kashi 20, ba wani ɗan ragi ta nema ba, ribar gaba ɗaya ta ɗauke. Na fi shekara ina wannan kuskuren kafin na gane, kuma kunya ce ta jawo min. 'Yar uwa ta zo, maƙwabciya ta zo, ka kasa faɗin farashi. Abin da ya raba ni da wannan shi ne rubuta farashin a takarda. Yanzu ba bakina ke faɗa ba, takarda ce. In ina so in yi wa wata alheri, sai in ba ta kyauta gaba ɗaya in san kyauta na yi, in rubuta shi a littafi a matsayin kyauta.

Bari mu matsar da kwano, mu jawo zare.

A surfani kayan aiki ba su da wani nauyi, lokaci ne ke cin kuɗin. Ku dubi wannan yadin mai ƙananan ramuka, ana ce masa Aida, wannan mai lamba 14 ne, wato ɗinki 14 a kowane inci. Zanen da ke hannuna 70 ne a tsaye, 70 a kwance, zai fito inci 5 kowane gefe, bai wuce tafin hannu da yatsu ba. In a cike yake, ɗinki 4,900 ke nan. Ki sa agogo, ki yi minti goma, ki ƙirga. A ce kin yi 50, wato 300 a awa. Ki raba 4,900 da 300, ya haura awa 16. Abin da kwastoma za ta kalla ta ce ai ɗan ƙarami ne, kwana biyu cur na aiki ne. Shi ya sa nake cewa kada ki taɓa yanka farashin surfani da ido. Ki gwada ɗan yanki, ki auna lokaci, sannan ki buɗe baki.

Wannan lissafin kuma shi zai nuna miki abin da ya dace ki sayar. Babban aiki mai cin wata guda, sai wanda ya san darajarsa ya yi oda. Abin da ke juya kuɗi kullum ƙanana ne: suna a kan hankici, fure ɗaya a bakin rigar jariri, 'yar kwalliya a kusurwar matashin kai, abin da za ki gama a awa ɗaya ko biyu. Ni na fi son babban aiki a raina, nan ne hannu ke sakewa, amma ƙananan ne suke saya min zare.

Zaren nan da kuke gani sili shida ne a murɗe. Ki yanko kamar santimita 45, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, ki zaro sili ɗaya-ɗaya, sannan ki haɗa biyu. Kika ja biyu a tare, zai cukuikuye. Kika yanko mai tsawo sosai, zai gaji da shiga da fita a yadi, ya yi gashi, ƙyallinsa ya dushe. Wannan na kamfanin DMC ne, tsohon kamfani na garin Mulhouse a Faransa, tun 1746. Kowane ƙulli mita 8 ne, kuma kowane launi da lambarsa: 310 baƙi ne, 321 ja ne. Ba talla nake musu ba, akwai wasu kamfanoni masu kyau. Abin da nake so ki ɗauka shi ne rubuta lambar launin a littafin oda, don in kwastoma ta dawo bayan wata shida tana son irinsa, ba sai kin yi ta kintace ba.

Zan ba ku labarin abin da ya same ni da jan zare. Na taɓa sayen wani mai araha, ba suna ba lamba, na yi furanni a kan farin mayafin tebur, aikin mako uku. Na gama, na tsoma a ruwa don in wanke alamar zane, sai na ga jan yana bin farin yadin kamar an ɗiga jini a ruwa. Na tsaya ina kallo, ba abin da zan iya. Na mayar wa matar kuɗinta, na ba ta haƙuri. Tun ranar, duk sabon zare sai na yanko ɗan guntu, na jiƙa, na danna shi a kan farin ƙyalle, kamar haka. Kun ga wannan bai bar komai ba. Gwajin minti biyu ne. In za ki yi guga kuma, ki kifa aikin a kan tawul ki goge ta baya, don kada ɗinkin ya kwanta.

Akwai maganar zane ma. Yawancin zanen da ake saya a intanet, a kasuwanni irin su Etsy, an rubuta cewa na amfanin kai ne. Ki karanta sharaɗin kafin ki ɗinka ki sayar. Hotunan 'yan katun na manyan kamfanoni ma suna da masu su. Ki koyi zana naki, ko ki nemi izini.

Oda kuwa, ko ta kek ce ko ta surfani, ba na taɓa fulawa ko allura sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, ragowar ranar karɓa. Kek mai sunan wani ba ya sayuwa ga wani, haka ma hankici. Ki sa ta turo miki yadda ake rubuta sunan, da rana, da launi, duk a rubuce, kada ki dogara da kiran waya. Amma fa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kin karɓi kuɗi, ranar da kika faɗa ta zama wajibi, don haka kada ki karɓi odar da ta fi ƙarfin obin ɗinki da hannunki. Kuɗin sana'a kuma ki ware masa wurinsa daban, ki biya kanki ladan da kika rubuta, ki bar jari ya zauna. Kuɗin cefane da na fulawa suka haɗu a jaka ɗaya, ba ki ƙara sanin inda kike.

Masu gashi, abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: abin da kika gasa cikin mutum zai shiga. Ki tambayi kwastoma ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai, madara ko alkama, ki kuma rubuta abin da ke ciki a jikin kwali. Kek mai kirim na madara kada ya wuce awa biyu a waje, don tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke saurin hayayyafa. Kowace ƙasa kuma tana da dokarta kan sayar da abincin da aka dafa a gida, ki je hukumar da abin ya shafa ki tambaya tun kina ƙarama a sana'ar.

Ƙamshi ya fara tashi. Ƙanwata, ba ni tsumman nan. Minti 55 ke nan. Ga tsinke, na soka a tsakiya, ya fito a bushe, ɗan ɓurɓushi kawai. Ku ga yadda ya tsage a sama, haka irin wannan kek yake, ba aibi ba ne. Zan bar shi minti goma a gwangwani kafin in juye, kuma ba zai shiga kwali ba sai ya huce sarai, in ba haka ba tururi zai jiƙa shi. Minti goman nan ma ku rubuta su a layi na uku.

Kafin darasi na gaba, kowacce ta zaɓi abu ɗaya da take sayarwa, ta yi masa layukan nan uku, ta kwatanta da farashin da take karɓa yanzu. Ku zo da littafin, za mu ɗora a kai mu ga yadda ake ɗaukar hoton kaya da hasken taga. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.